Ɗakin Goyon Ciki

Tun ranar da labari ya iso cewa cikin 'yarta Zakiyya ya zauna, Saratu ta daina ganin komai a gidanta sai ɗakin baƙi. Ɗaki ne da ke hannun dama in an shigo daga ƙofar gida. Mijinta, marigayi Isufu, shi ya gina shi a zamanin da Akokan take Akokan, lokacin da ramin yuraniyom ke aiki ba dare ba rana, kuma duk wanda ya taso daga garinsu Mirriya neman aiki, gidansu yake sauka. A wancan zamani ɗakin bai san hutu ba, wannan na naɗe tabarma wancan na sallama da jakarsa da yunwarsa. Da aka rufe ramin baƙi suka ɗauke ƙafa, Zakiyya ta koma kwana a ciki har aka yi aurenta. Da tari ya tafi da Isufu kuma, sai ɗakin ya zama ma'ajiyar tarkace: tsofaffin jarkoki, keken ɗinkin da ya daina juyawa, da hular da maigidan ke shiga rami da ita.

Zakiyya ita ce 'yar farin Saratu, ita kaɗai ce kuma Allah ya bar mata. Tana aure a Damagaram. Saratu kuwa mace ce irin ta da, ta riƙe alkunyar 'yar fari har ta wuce inda iyayenta suka tsaya. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, "ke" ce ko "waccan". Ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ranar da aka zo ɗaukar amarya, mata na kuka a tsakar gida, ita tana madafa tana kankare tukunyar da ba ta da datti. Mutane suna yabon irin wannan kunya, suna cewa tarbiyya ce, amma ba su ne ke kwana da ita ba. Saratu tana son yarinyar nan so mai ciwo, ta rasa ta inda za ta nuna shi.

Sai ga goyon ciki ya zo mata da hanya. A al'ada, haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Ciki in ya tsufa sai a mayar da yarinya gidan iyayenta, ta haihu can, uwa ta yi mata wankan jego har arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata nama da yaji, sannan a mayar da ita ga mijinta fes da ita. A nan babu mai cewa uwa ta yi rashin kunya, don aiki ne aka ɗora mata.

Matsalar ita ce Hajiya Siddiƙa, uwar mijin Zakiyya. Tun wajen neman aure ta sa aka tambaya a ɓoye ko yarinyar tana tari. Bara da Zakiyya ta yi ɓari, Hajiya ta ce wa masu zuwa jaje, da muryar nan tata ta mai tausayi, "Su 'ya'yan garin ƙarfen nan, jikinsu sai a hankali." Maganar ta hau mota ta zo har Akokan. Da ɗanta Sabiru ya kafe cewa za a yi yadda al'ada ta ce, Hajiya ta kira Saratu a salula, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da zafi da haƙurin rashi, sannan ta ce, "To, mun yarda. In dai akwai wurin da mai jego za ta sa haƙarƙarinta."

"Akwai," in ji Saratu.

A ranar ta fara fitar da tarkace.

Ta share, ta wanke, ta toshe ramukan ɓeraye. Ta shafe bango da farar ƙasa, ta ja masa shuɗin fenti daga ƙasa zuwa gwiwa. Ribar masar da take toyawa a bakin titi kowace safiya duk nan ta riƙa tafiya: sabuwar katifa, farin gidan sauro, labule mai furanni, 'yar darduma a gaban gado don kada ƙafar mai jego ta taka sanyin daɓe. Gadon kam goge shi kawai ta yi, don Isufu ne ya sa aka haɗa shi da bututun ƙarfen da ya samo a wurin aiki, gado ne da ƙarti za su hau su yi tsalle bai ce uffan ba. Ta jawo tulunta na Mirriya daga ƙarƙashin gadonta, wanda take tattali tun tana amarya, ta kafa shi a kusurwa. Ta buga ƙusa daidai inda hannun mai kwance zai kai, ta rataye fitila. Har wurin da za a ajiye kwanon kunu ta auna, kada ya yi nisa, kada kuma ƙafa ta ture shi.

Wata rana da azahar ta kwanta bisa gadon don ta ga abin da idon mai jego zai riƙa gani. Abin da ta gani kwanon rufi ne tsirara, yana zubo zafi kamar murfin tanda. Ta tashi zaune. Mai jego tana son ɗumi, amma wannan gashi ne, jariri ba zai iya ba. Ta yafa mayafi ta nufi kasuwar ƙarafa a Arlit, garin da ke maƙwabtaka da su.

A garuruwan nan in aka ce abu "na kamfani ne", an gama yabonsa. Wuri ne da aka dasa a tsakiyar hamada, ba kara, ba azara, ba shuci. Abin da kamfanin haƙar yuraniyom ya yar, shi ne dajin mutanen gari, can suke samo abin gini da abin girki. Ƙofofi, murhu, ludayi, tukwane, kujerun masu shayi, duk daga can. Tsakuwar da manyan motoci suka riƙa zubarwa a bakin hanya, da ita aka cike kwazazzaban unguwa, da ita Isufu ya ɗaga daɓen ɗakunansa biyu kafin ya malala siminti. An sha jin masu cewa a yi hattara da kayan rami, har a rediyo. Sai dai masu faɗar ba su taɓa zuwa da wani abin a madadinsa ba, kuma ƙarfen bai taɓa cizon kowa a gaban shaidu ba, don haka aka ci gaba da saye.

A rumfar wani Muktari ta ga abin da take nema: wani zane mai kauri, ruwan toka, mai nauyi kamar fatar raƙumi.

"Inna, wannan ba ya yagewa, ba ya ruɓewa, zafi ba ya ratsa shi," in ji Muktari, yana bubbuga shi. "Na kamfani ne."

Ta saya. Ta haɗa da rabin ganga mai kauri, wadda za ta riƙa tafasa ruwan wanka a ciki. Da ta dawo gida ta wanke zanen, ta sake wankewa, har ruwan ya daina fita rawaya. Ta yi masa baki da jan yadi. Ita da maƙwabciyarta Mairamu, wata 'yar garin Tawa mai jiki da baki, suka hau bisa teburi suka ɗaure shi ƙarƙashin kwanon, suna haki suna dariya. Da suka sauko ɗakin ya yi lum, ya yi sanyi, ya zama wani wuri dabam.

"Ke Saratu," in ji Mairamu, tana riƙe da ƙugu, "wanga ɗaki ko matar gwamna ta samu sai ta gode Allah. Bari in ɗauki hoto in tura ma ɗiyakki."

"Wa ya ce don ita na yi?"

"A'a, don ni kinka yi."

Ta ɗauka ta tura. Kafin la'asar saƙon murya ya dawo. Zakiyya ce, tana dariya: "Inna, duk wannan? Har da tulun?" Saratu ta saurara fuskarta a ɗaure, ta ce wa Mairamu ta amsa mata cewa shara ce kawai aka yi. Amma ta sa an tura mata saƙon a tata salular, kuma tana tuyar masarta tana kunna shi, salula a kunne, tana yi kamar lissafin ciniki take saurare. Rabon da ta ji daɗi irin wannan tun Isufu na da lafiya.

Ana haka Aghali ya zo. Ba'abzine ne, dogo, ya manyanta, tare suka yi shekaru suna sauka rami da Isufu, kuma tun rasuwar bai daina leƙowa gaisuwa ba. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a bakinsa, tun Saratu na dariya har ta saba. Ya ji labarin baƙuwar da ke tafe, ya kawo matashin fata mai ado irin na mutanensu, ya ce a sa wa mai jego a baya. Saratu ta yi godiya, kuma abin da ba ta saba yi ba ta yi, ta ce ya zo ya ga ɗakin. Son a yaba ne ya ja ta, ba wani abu ba.

Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya sunkuya ya shiga. Ya dubi bango, ya dubi labule, ya gyaɗa kai. Da ya ɗaga ido sama sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, ya ja rawaninsa ya rufe hanci.

"Uwargida, ina kai samu wannan?"

"Kasuwa. Na kamfani ne."

"Na sani na kamfani ne. Zanen tata ne. Gidan niƙan dutse, da shi ake tace ruwan ƙarfen."

"Na wanke shi, Malam Aghali. Sai da ruwan ya fita fari."

"Wanki ba ya fidda shi."

Ya ajiye matashin a tsakar gida, ba a ɗakin ba, ya ce zai dawo da safe. Saratu ta san yana cikin ƙungiyar tsofaffin ma'aikata masu yawo gida gida da na'urar awo. Ta sha ganinsu a unguwa, ta kuma sha jin mata na cewa aikin marasa aiki ne. Ta ji haushinsa ƙwarai a ranar. Mutum ya shigo ɗakin da ka zuba ranka a ciki, ya rasa abin yi sai rufe hanci.

Da hantsi ya dawo da wani abu kamar ƙaramin rediyo. A bakin titi ya kunna ya nuna mata. Abin yana ɗan yin ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas.

"Wannan kukan gari ne, ko'ina akwai shi," in ji shi. "Yanzu kai saurara."

Suka shiga ɗakin. Tun daga bakin ƙofa kukan ya ƙaru. Da ya ɗaga hannu kusa da zanen, sai abin ya ɓarke da ƙara kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Ya sauke shi kan ƙafar gado, ƙarar ba ta ragu sosai ba. Ya fita ya kara shi a rabin gangar wanka, haka. Saratu tana biye da shi, hannunta a cikin mayafi.

"To a cire," ta ce. "Zanen, gadon, gangar. Yau ɗin nan a fitar da su. In shimfiɗa mata katifa a ƙasa."

Aghali ya janye 'yar dardumar, ya durƙusa, ya ɗora na'urar a kan daɓe. Ta ci gaba da ƙara. Ya matsa kusurwa, ya matsa gindin bango, duk ɗaya. Ya nemi izini ya shiga ɗakinta, can ma daɓen ya amsa, ko da yake bai kai na ɗakin baƙi ba.

"Tsakuwan da Isufu ya zuba," in ji shi. "Ni na taya shi saukewa daga mota. Ba mu sani ba."

Suka fito suka tsaya a inuwar bango. Ya yi mata bayani a hankali, yana neman kalmomi. Ya ce akwai wata iska da ke fitowa daga irin wannan dutse, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma a rufaffen ɗaki take taruwa.

"Ku Hausawa, mai jego kuna rufe masa ƙofa da taga, ko? Kuna sa wuta ciki."

"Saboda sanyi. Kada sanyi ya shige ta."

"To. Kwana arba'in a rufe, shi da jariri, bisa wannan ƙasa."

Saratu ta tambayi abin da ke cin ta tun da na'urar ta fara kuka. "Shi ya kashe maigidan?"

"Ban sani ba. Isufu ya sha ƙuran rami shekara da shekaru, kamar ni. Ba zan ce maka ƙarya ba, ban sani ba."

"Waccan fa? A nan ta kwana har aka kai ta ɗaki. Bara ta yi ɓari."

"Wannan ma ban sani ba. Mata suna ɓari ko'ina, har inda ba rami." Ya kashe na'urar. "Abin da na sani guda. In jikana ne, ba ya kwana nan."

Ta tambaye shi gyara. Ya ce akwai masu zuwa su fasa daɓe su kwashe tsakuwar su kai inda ake binnewa, amma gidajen da ke jira suna da yawa, kuma tun da al'amura suka rikice ba a san ranar zuwansu ba. Ya ce kada ta sa a fasa da hannu, ƙurar ta fi zaman daɓen sharri. In ta yarda zai sa gidanta a layi, za a zo a yi alama da jan fenti a bangon waje. Saratu ta san alamar. Ta kuma san cewa duk abin da aka shafa a bango a Akokan, kafin fentin ya bushe an ji shi a Damagaram, don direbobi ba kaya kaɗai suke ɗauka ba. Ta ce ya ba ta lokaci.

Yana fita Mairamu ta faɗo, da ma kunnenta na jikin katanga.

"Rabu da shi," ta ce. "Tun da munka zo garin ga muke haihuwa bisa ƙasag ga. Ɗiyana shidda, wane cikinsu ad da kai biyu? Ki ciro zanen in hankalinki bai kwanta ba, ki yi shiru da bakinki. Wa za ya sani?"

"Ni."

"To ki kawo ta ɗakina."

"Motar tsakuwa ɗaya suka sauke, marigayi da maigidanki. Rabi nan, rabi can."

Mairamu ta ja da baya. Can ta ce, "Kada dai shi shigo mini gida da abin nan nashi." Ta juya ta fita, ba ta ko tsaya sallama ba.

Saratu ba waliyyiya ba ce. Maganar Mairamu ta zauna mata daram, ta yini tana juya ta. Kwana arba'in ne fa, ba shekara ba. Mutane nawa suka kwana a ɗakin nan suka tashi lafiya? Za ta cire zanen, ta fitar da gadon, ta bar taga a buɗe. Za ta ga yarinyar tana shigowa da tsohon ciki, za ta karɓi jakarta ba tare da ta dube ta ba, za ta tafasa ruwa tun da asuba, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mata a baya, hannunta ya taɓa jikin 'yarta da hujja. Abin da ta jira ke nan tun ranar da aka yanke wa yarinyar cibiya. Ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado. Ɗakin na nan da kyansa, da sanyinsa, da ƙanshin turaren wutar da ta riƙa sa masa. Ba abin da ya canza a ido.

Sai ta tuna yadda numfashin Isufu ya koma a watanninsa na ƙarshe, yadda yake jawo iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ya dube ta yana ba ta haƙuri da ido saboda ya hana ta barci. Aghali ya ce bai sani ba. Ita ma ba ta sani ba. Amma ta ga ƙirjin babban mutum ya gaza, kuma ƙirjin jariri bai fi tafin hannunta ba. Ta tashi ta fita daga ɗakin, ta ja ƙofar.

Saura abin da za ta faɗa, kuma nan ne wuyar take. In ta faɗi gaskiya, ta miƙa wa Hajiya Siddiƙa wuƙa da hannunta. Yarinyar da ta yi shekaru tana kwana a ɗakin da na'ura ke kuka, ga ɓari a baya: Hajiya ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne, za ta dai riƙa faɗa wa mutane cikin tausayi, har ranar da Sabiru zai fara kallon matarsa kamar mai ɗauke da wani abu. Duk zazzaɓin da jaririn zai yi, duk tarin da zai yi, a kan uwarsa za a ɗora. Ita kanta Zakiyya za ta ƙarasa cikin nan da tsoron jikinta. In ta ce ba ta da lafiya, yarinyar za ta taso ko da a ƙafa, kuma ciwon 'yar Akokan shi ne labarin da Hajiya ke jira. In ta ce hanya ba kyau, Sabiru ya riga ya shirya, wani abokinsa mai mota mai ƙarfi zai kawo ta ranar Juma'a, a hankali, su kwana Agadas. In ta ce ta tafi can da kanta kuwa, uwa ba ta tarewa gidan suruki, kuma za a tambayi dalili.

Tana buƙatar dalilin da zai tsayar da yarinyar cak, wanda Hajiya za ta karɓa ba tare da bincike ba, wanda kuma ba zai taɓa Zakiyya ba. Ta duba ta duba, ta ga guda ɗaya ne, kuma a kanta zai sauka. Abin baƙin cikin shi ne ta san za a yarda. Uwar da ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba, ba a mamakin komai daga gare ta.

Bayan la'asar ta yi alwala, ko da yake ta riga ta yi salla. Ta zauna bisa turmi a tsakar gida, ta ba ɗakin baya, ta kira.

"Inna!" in ji Zakiyya. "Ina wuni? Yanzu nake haɗa kaya. Na ce ko in taho da garin kuka da daddawa, na san na can ba su da kyau."

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ƙafafun ne dai suke kumbura."

"Ki riƙa ɗora su bisa matashi." Saratu ta gyara zama bisa turmin. "Ke, ki saurara. Zancen zuwan nan, a bar shi."

"Na'am?"

"A bar shi. Ɗakin na ba da shi haya."

Daga can nesa Saratu tana jin kukan akuya da ƙarar babur a wani lungun Damagaram.

"Haya, Inna?"

"Wasu masu zuwa haƙar zinariya ne a Tchibarakaten. Suna son wurin sauka in sun shigo gari. Sun ga an gyara, suka yi tayi mai kyau. Kin san yadda zaman nan ya koma."

"Amma... ai sai in kwana ɗakinki. Ko a ƙasa ne."

"Gida cike da ƙarti, mai jego a ciki? Ba zai yiwu ba."

"Inna, ko wani abu na yi?"

Saratu ta danne bakin mayafinta da haƙora. Ta so ta ce babu abin da kika taɓa yi mini sai alheri. Ta so ta faɗi abubuwa da yawa. Abin da ta ce shi ne, "Ba ki yi komai ba. Magana ce ta kuɗi."

Ta ji motsi, ta ji ana tambaya daga gefe, ta ji Zakiyya na amsawa ƙasa ƙasa. Sai ga muryar Hajiya Siddiƙa, a sake, cike da daɗi.

"Saratu, ina wuni? Na ji abin da ya faru. Haba, ba komai wallahi. Ai mun san zaman Arlit yanzu sai da dabara, mace ita kaɗai, ba mai kawo mata. Kowa ya samu hanyar abinci ya riƙe. Zakiyya 'yarmu ce, za mu yi mata wankanta, ba abin da za ta nema ta rasa. Da ma ni hankalina bai kwanta da tafiyar ba."

"Na gode, Hajiya."

"A'a, mu ke da godiya. Gara da kika faɗa da wuri."

Saratu ta san kafin magariba unguwar Hajiya kaf za ta ji cewa uwar Zakiyya ta fifita 'yan haya a kan haihuwar 'yarta ta fari. Za a riƙe baki, a ce Allah ya kyauta. Za a tausaya wa yarinyar, a ja ta a jiki, babu wanda zai sake duban ta da zancen garin ƙarfe, don an samu sabon abin faɗa wanda ya fi daɗi. Abin da take so ke nan, kuma ta samu. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka fita da Isufu.

Aka mayar wa Zakiyya salular. Muryarta ta canza, ta zama irin wadda ake yi wa baƙo magana da ita.

"Hajiya ta ce in Allah ya sauke ni lafiya, ba sai kin wahalar da kanki zuwa suna ba. Hanya ba kyau."

"To."

"Za a turo miki hoto."

"To. Allah ya raba lafiya."

"Amin."

Magana ta ƙare, amma layin bai yanke ba. Zakiyya yarinya ce mai tarbiyya, ba ta kashe waya a kunnen babba, sai ta jira uwarta ta fara kashewa. Saratu kuwa ta kasa. Ta riƙe salular da hannu biyu tana sauraren numfashin 'yarta, mai nauyi, irin na mai tsohon ciki, yana shiga yana fita lafiya lau. Sai da ta ji numfashin ya fara sarƙewa, yarinyar tana kuka a hankali yadda ba za a ji ba, sannan ta danna ta kashe.